Ɗigon Jini a Ƙarƙashin Takalmina

Shekara talatin da ɗaya makullin ƙofar gonar Witkrans yana rataye a ƙusa ɗaya a bayan ƙofar kicin ɗina. Marigayi mijin mai gonar, Mevrou Magriet, wato Uwargida Magriet, shi ne ya ba ni shi, zamanin da nake jan babbar motar da ke kwasar gashin tumakinsu zuwa bakin teku. Amfanin makullin ɗaya ne: duk lokacin sanyi, ni Karools Plaatjies, in buɗe ƙofa in shiga in harbi barewa guda, irin wadda muke kira takbok, mai ƙaho kamar reshen busasshen itace, ba tare da na biya ko sisi ba. Mutanen birni kuɗi mai ciwo suke ajiyewa kafin a bar su su taka duwatsun nan. Ni kuwa da naman nake rataye biltong, busasshen namanmu mai kama da kilishi, a rumfa, gidana ya yi ta ci har sanyi ya wuce.

Da mijin ya rasu, Mevrou ba ta karɓe makullin ba, ba ta kuma sassauta dokokinsa ba. Duk wanda zai yi farauta sai ya fara harbi a gabanta. Duk harbin da aka yi a daji sai an kira ta a oba-oba an faɗa mata. Kuskure ba laifi ba ne, kowa na yi. Amma in harsashinka ya zubar da jini, ko ɗigo ɗaya ne, to dabbar ta zama taka, kuma sai ka same ta kafin rana ta faɗi. In ba ka same ta ba, ka bar gonar ke nan har abada, kai da wanda ya kawo ka. Na ga ta kori wani lauya a kan haka, yana tsaye da hula a hannu yana yi mata Turanci.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta fara rufe mini idanu, musamman na dama. Abin da ke gaban ƙafata ina ganinsa sarai, har sawun tururuwa. Amma in abu ya wuce taku arba'in, sai ya zama kamar ana kallonsa ta cikin gilashin da aka huce masa numfashi. Bara na shiga gonar na fito hannu biyu, na ce wa Mevrou ban ga namijin da ya yi mini ba. Ta dube ni ta ce to.

Shi ya sa da Ashwell, ɗan ƙanina, ya ce yana son ya koyi farauta, na yi masa murnar da ta fi ƙarfin maganar. Shekararsa talatin da shida, motar asibiti yake ja a birnin Gqeberha, bai taɓa kashe abin da ya fi kaza ba. Amma yana ƙarami na sha ganinsa yana kakkaɓe gwangwanaye daga kan shinge da bindigar iska, bai cika kuskure ba. Na yi lissafina: ƙafafuna da wayona, idonsa da kafaɗarsa. Makulli ya zauna a ƙusarsa.

Ranar sayen bindiga na hau bas na same shi a birni. Ya zo da wani abokin aikinsa, Brendon, mai bakin da ba ya rufuwa. Muna shiga shagon na wuce kantar sababbi na nufi lungun da ake jera na hannu. Can na ga wata mai lamba 243, katakonta duk ƙarzuwa, amma da na ɗaga ta na leƙa cikin bututun ta wajen haske, tas yake kamar cokalin biki. Kusa da ita akwai 308, ita ma ba laifi. Na ce wa Ashwell ya ɗauki ɗaya a cikin biyun. Na ce barewa ba ɓauna ba ce, ba girman harsashi ke kayar da ita ba, inda ya shiga ne. Na ce mai arahar za ta bar masa canjin da zai sayi madubin hange na kirki da kwalaye biyar na harsashi, ya je fili ya yi ta harbi har bindigar ta san kafaɗarsa.

Mai shagon, wani saurayi mai gemu da gajeren wando, ya yi murmushi ya ce 243 bindiga ce mai kyau ƙwarai, yawanci ita magidanta ke saya wa matansu da 'yan makaranta. Brendon ya kwashe da dariya, ya ce to a haɗa wa Ashwell da jakar hannu mai fure. Na ga kunnuwan yaron sun canza launi.

Sai mai gemun ya sauko da wata baƙa wul mai dogon bututu, wai 300 magnam. Ya ce da ita ba sai ya sake sayen wata ba har ya tsufa, daga barewa har babban naman daji duk ta isar masa, kuma an rage mata kuɗi don mai ita ya dawo da ita ko kwali ɗaya bai ƙarar ba. Na tambayi abin da ya sa ya dawo da ita. Ya ce mutumin ya yi ƙaura zuwa Ostareliya. Na ce masa na lura a shagunan bindiga na garin nan, duk wanda kafaɗarsa ta kumbura Ostareliya yake komawa.

Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Ashwell ya ɗora ta a kafaɗa, ya leƙa madubin, ya ce, "Oom," wato Baffa, "zamanin ku daban. Kai ka saba da tsohuwar 303 ɗinka ta yaƙin duniya. Ni ba na son in harbi abu ya tashi ya gudu."

"Da wannan ɗin ne zai gudu, ɗana," na ce.

Ya saye ta. A ƙasarmu kuwa ba a sayen bindiga a fita da ita kamar burodi. Lambarta ake rubutawa a takardar neman lasisi, ita kuma ta kwana a akwatin ƙarfen shago har takarda ta fito. Wata goma ya jira. In ka sake shawara a tsakani, ka koma bayan layi. Saboda haka kuskuren da mutum ya yi cikin minti goma don kada abokinsa ya yi masa dariya, shekara guda yake bin sa.

Muka shiga Witkrans wata Asabar ta watan Yuni, tsakiyar sanyi a ƙasarmu, raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat. Tun a mota na ga wani ɗan tabo mai kamar jinjirin wata a saman girarsa. Ya ce ƙofar mota ce ta buge shi. Na san wannan ƙofar motar: bakin madubin bindiga ne, in ta yi shuri ta dawo wa mutum a goshi. Na tambaye shi harsashi nawa ya harba tun da ya karɓo ta. Ya ce tara, suna da tsada.

Mevrou tana jiranmu a bayan rumfar askin tumaki, cikin tsohuwar rigar sanyin mijinta, da madubin hange a wuya. Shekararta saba'in da huɗu, a gonar ta tsufa, tana karanta ƙasa kamar yadda fasto ke karanta littafinsa. An kafa murfin bokitin fenti a taku ɗari. Ashwell ya kwanta, ya ɗora bindigar a kan buhunan yashi. Ita tana kallon murfin, ni ina durƙushe kusa da fuskarsa.

Kafin kowane harbi sai ya runtse ido biyu, ya ɗage kafaɗa, ya fizgi kunamar kamar mai cire ƙaya. Ƙarar kuwa har awakin da ke can gindin dutse sai da suka watse. Buhunan yashi ne suka rufa masa asiri: biyu suka taɓa gefen murfin, ɗaya ya tafi inda Allah ya kai shi.

Mevrou ta sauke madubinta ta ce biyu cikin uku, ba yabo ba fallasa. Sannan ta juyo gare ni.

"Karools, ka tsaya masa?"

Da na ce a'a, da an ba shi haƙuri sai baɗi, ni kuma in shiga daji ni kaɗai da idon da ba ya gani. Na ce na tsaya masa. Ta miƙo mini oba-oba.

Wajen ƙarfe tara Ashwell ya hango bareyin a gangaren da ke bayan famfon iska mai jawo ruwa, mata huɗu da namiji ɗaya. Ni tabo-tabo kawai nake gani masu motsi, amma na gyaɗa kai kamar na riga shi gani. Muka zagaya ta ƙarƙashin iska, muka rarrafa har bayan wani dutse. Ya raɗa mini cewa taku ɗari da ashirin ne, namijin ya ba da gefe. Na ce ya sa a bayan kafaɗa, ya ja a hankali. Babu buhun yashi a nan, gwiwarsa ce kawai.

Ya runtse ido. Bindigar ta tashi.

Na ji ƙafafu a kan tsakuwa suna hawa dutse, har suka ɓace. Ashwell ya zagi kansa, ya ce ya kuskure, ya ga ƙura ta tashi a bayanta, duka biyar sun haye lafiya. Na ce mu je mu duba, haka doka ta ce.

Ya yi gaba yana dube-dube a inda ba nan ba ne. Ni na bi sawu har inda kofato huɗu suka tona ƙasa lokaci guda. A kan wani farin dutse mai faɗin tafin hannu, ga shi nan: ɗigo ɗaya, ja, bai fi ƙwayar wake ba. Gefensa 'yan gashi fari guda uku.

Ba zan ce na yi dogon tunani ba. Ƙafata ce ta riga ni. Na ɗora takalmi a kai, na ɗan murza.

Na san abin da farin gashi yake nufi: harsashin ya yi ƙasa, ƙirji ko ƙafar gaba. Dabba mai irin wannan rauni tana iya yin kwana uku tana tafiya, ga kwazazzaban Witkrans da ko kare sai ya yi da gaske. In na kira Mevrou na ce kuskure ne, za ta ce a sake gwadawa, shi ke nan. Na ciro oba-oba ina gyara murya.

Ashwell ya dawo ya tsaya a gabana. Aikin motar asibiti ya koya masa kallon mutane.

"Oom, tun ɗazu ba ka motsa ƙafar nan ba."

Na ce gwiwata ce ke ciwo.

"Ɗaga mu gani."

Na ce masa ya san abin da yake tambaya kuwa? Na ce shekara talatin da ɗaya ne a ƙarƙashin takalmin nan, kuma shi ne ya ƙi jin magana a shago. Ya dai ci gaba da kallon ƙafar. Na ɗaga. Jinin ya shafe ya zama jan zane a kan dutsen, gashi ɗaya ya manne a ciki.

Ya karɓi oba-oba daga hannuna, ya danna da kansa. Ya ce, "Mevrou, Ashwell ne. Na harba, akwai jini. Muna bayan famfon iska." Muryarta ta fito tana ƙarce-ƙarce, ta ce rana tana faɗuwa ƙarfe biyar da kwata.

Na sa kai ƙasa na bi sawu. Namijin ya rabu da matan a bakin kwazazzabo, yana jan ƙafar gaba ta hagu. Jinin kaɗan ne, ɗigo a nan, sai ka yi taku talatin kafin ka ga wani a jikin ganye. Duk inda na samu sai in ɗora ƙaramin dutse a kan babba, don in sawu ya ɓace mu san inda za mu dawo. Wajen sha ɗaya da rabi muka tashe shi daga cikin ƙaya, kusa ƙwarai. Ashwell ya ɗaga baƙar bindigarsa ya harba, reshe ya karye can sama da inda dabbar take, ita kuma ta gangara. Ya kira Mevrou ya faɗa mata. Ta ce ta ji.

Ya ce madubin ne ya goce, tabbas ya bugu a mota. Ya ce in ba haka ba, to ni in harba mana da 303 ɗina, tun da ni ne gwani. Nan na gaya masa gaskiyar idona. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wato shi ya sa Oom ya yi ta murna." Na ce shi ya sa.

Na ce tun da madubi yake zargi, ya kawo in sa masa harsashi ya gwada a kan wani suri da ke gabanmu. Na juya masa baya, na ja ƙarfen na mayar, na miƙa masa. Ya durƙusa, ya yi saiti. Ido ya runtse, kafaɗa ta ɗage, bakin bindigar ya yi ƙasa kamar kan kaza mai tsattsagar hatsi.

Ƙyas. Ba komai a ciki.

Ya zauna a ƙasa da bindigar a cinya. Ba sai na yi bayani ba, shi da kansa ya ga inda bakinta ya nufa. Ya ce a hankali, tun harbi na biyu da ya yi da ita a birni yake jin tsoronta, ko a mafarki ya ja kunamar sai ya farka.

Na kwance 303 daga kafaɗata, na zazzage harsasanta a aljihu. Ba ta da madubi, katakonta ya yi baƙi don tsufa, nauyinta kamar na ƙaramin yaro, kuma nauyin nan ne ke shanye shurinta. Doka ta yarda ya harba ta muddin ina tsaye kusa da shi. Na ce ya yi saitin surin ya ja kunama, ido a buɗe, kamar zamanin gwangwani. Ya ja sau goma babu harsashi. A na farko ya ƙifta. Daga na huɗu bakin bindigar bai ƙara motsi ba. Rabin awa muka kashe a wurin, ina ƙirga kowane minti, amma dabba mai rauni in ba a matsa mata ba kwanciya take yi, ƙafar ta sandare.

Ƙarfe uku sawu ya ɓace a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Na yi rarrafe da gwiwa ina zagayawa, na koma kan alamata ta ƙarshe sau uku. Inuwar dutsen yamma ta fara rarrafowa cikin kwarin, sanyi ya dawo. Ashwell yana ta duba agogo har na ce ya cire shi ya sa a aljihu ko in jefa shi a rami. Ƙarfe huɗu da minti ashirin na sami wata tsakuwa da aka juya, cikinta mai danshi yana sama. Gaba kaɗan, ɗigo. Ba sama ya hau ba, ya gangara wajen ruwa.

A ƙasan kwarin akwai wani ɗan tafki da itatuwan ƙaya suka kewaye. Muka sauka a zaune, muna jan jiki, don kada tsakuwa ta gangara. Rana ta taɓa kan dutse. Ashwell ya kama hannuna ya matse: namijin yana can, kwance a gindin itace, kai a ɗage, taku sittin. Ni ban ga komai ba sai duhun ƙaya.

Na sa harsashi ɗaya a 303 a gabansa, yana gani. Na ji numfashinsa ya sake.

"Ka ɗauka babu komai a ciki," na raɗa masa. "Suri ne."

Ban kalli wajen dabbar ba, ba amfani. Fuskarsa na kalla. Na ji ƙaya ta motsa, barewar ta yunƙura za ta tashi. Idonsa a buɗe yake lokacin da bindigar ta yi magana.

Mevrou ta iso da akori-kurarta da sauran haske kaɗan a sama. Ta zagaya dabbar, ta duba ƙafar da ta karye, ta duba ramin da ke bayan kafaɗa, ta dubi bindigar da ke hannun Ashwell da wadda aka jingine a itace. Ta tsoma yatsa a jinin ta shafa masa a kumatu biyu, yadda ake yi wa duk wanda ya kashe ta farko. Ta ce baƙar can kada ta sake shigo mata gona, tana firgita mata awaki. Ya ce ko ba ta faɗa ba.

Har na fara sakin jiki. Sai ta ce bayan mun kira ta da safe ta je bayan famfon iska don ta ga irin jinin. Ta ce ta sami farin dutse, ta kuma sami sawun takalmi mai lamba tara a kansa, an murza.

Ashwell ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Makullin, Karools."

Na ciro shi daga aljihun ƙirji. Na miƙa mata. Ta karɓa ta juya shi a tafinta. Ta ce tun bara ta san ba na gani, ta yi ta jira in faɗa da bakina. Sannan ta miƙa wa Ashwell.

"Daga yau kai ke da shi. In ka ga dama ka zo da baƙo, amma ka san doka: kai za ka tsaya masa." Ta nuna ni da haɓa. "Wannan ya iya bin sawu. Sai dai ka riƙa lura da inda yake ajiye ƙafa."

Muka ɗora barewar a bayan mota. Muka kama hanya har muka iso ƙofar gona. Na yunƙura zan fita in buɗe, kamar yadda na saba, sai na tuna. Ashwell ya fita, ya yi ta fama da kwaɗon, don sai an ɗan ja shi sama kafin ya buɗe, ban kuma gaya masa ba. Da ya dawo ya zauna, ya tambaye ni ko ina ganin 243 ɗin nan mai ƙarzajjen katako tana nan har yanzu.

Na ce in ma tana nan, wata goma ne.

Ya ce to baɗi sai in ara masa tawa, in ina son a zo da ni.